Ƙasar Taimamar Kaka Hansai

Litinin, bayan la'asar

Na kawo robar gida. Shuɗiyar nan mai murfi. Na naɗe ta a mayafi na ɗora a cinya, mai kalando, wato mai babur ɗin haya, yana ta tambayata ko abinci ne har muka iso unguwarmu Sabangali. Na ce masa ƙasa ce. Ya yi dariya, ya zaci zolayarsa nake yi.

Ƙasa ce kuwa. Baƙar lakar kududdufin hanyar Mandeliya, ƙwan kifi na barci a cikinta. Kifin bai kai tsawon ɗan yatsa ba. Ruwan damina na sauka zai ƙyanƙyashe, ya girma, ya zuba ƙwai a laka, ya tsufa, duk kafin kududdufin ya ƙafe. Shi ya sa muke son sa a labo, ɗakin bincikenmu. Tsufan da ɗan Adam ke kwashe rayuwarsa yana yi, shi a 'yan watanni yake gama shi a gaban idonmu: baya ya tanƙware, launi ya koɗe, iyo ya ragu. Na wannan kududdufin kuma sun fi sauran jinkirin tsufa, ba wanda ya san dalili tukuna. Damina uku ina shiga ruwan nan har ƙugu. Matsattsaku sun san ɗanɗanon jinina.

A taron safe Farfesa Ilyasu, shugaban labonmu, ya sake karanta mana sharaɗin masu ba da tallafi: abin da ke hannun labo ɗaya na duka ne. To, da aka zo rabo, su Halliru na labon Marwa aka saya wa tankunan kifi da injina, mu aka ba mu ɗaki da fanka. Yanzu kuma ƙwan ma zai tafi Marwa, tunda can tankunan suke. Wancan karon da aka buga takarda a kan kifina, sunana yana can ƙasa wurin godiya, ni da direba.

Farfesa ya tambaye ni lafiyar robobin ƙasar guda uku. Na ce biyu ƙalau suke. Ta Mandeliya kuwa, na faɗi abin da na faɗa.

Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce, "Funfuna? Duka ta cinye?" Na gyaɗa kai. Ya ce, "Allah Ya mayar da alheri, Khairiyya. Na san ke abin ya fi yi wa ciwo."

Da na iso gida na tura robar ƙarƙashin gadon Kaka Hansai. Ɗakinta ne kaɗai na ginin ƙasa a gidan nan, shi ke da sanyi. Nawa na kwano ne, a zafin nan zai dafa ƙwan.

Ajiya ce. Kayana na ajiye.

Talata, da hantsi

Ban je labo ba. Na ce kaina ke ciwo, kafin azahar ya fara ciwon da gaske.

Alhamis, bayan magariba

Na kai wa Halliru robobi biyun a gadar Ngeli ta kan iyaka. Cunkoso kamar kullum, masu babura da jarkoki, mata da ƙunshin atamfa a ka suna tsallakowa daga Kuseri. Na hango shi tun daga nesa don ya fi kowa tsawo, yana ɗaga min hannu kamar wadda ta ɓata.

Da ma ya zo da girman kai, da na ji daɗi. Na shirya masa fuska tun daga gida. Sai ya ce, "Ƙanwata, sannu da haƙuri. Wallahi da Farfesa ya gaya min ban iya cin abinci ba." Ya fito da waya ya nuna min hoton layin tankunan da suka fi kyau, na kusa da taga. A jikin kowanne an liƙa sunana. Ya ce ya riga ya gaya wa masu tallafi cewa wannan karon sunana ne zai zo farko a takardar, tunda ni na sha laka. Wai so yake ya ba ni mamaki ranar da kifin suka ƙyanƙyashe.

Ya kuma kawo wa Kaka zuma.

Na gode kawai na ce. Wannan ai ba magana ba ce.

Juma'a, bayan la'asar

Na shigo gida na tarar da robar a buɗe a gaban Kaka, tana buga tafukanta a kai tana shafa fuska. Na tsaya a bakin ƙofa.

Tun da tafukanta suka tsattsage likita ya hana ta taɓa ruwa, sai taimama. Da bango take yi, kullum tana mita wai yana cin hannunta. Yau tana laluben takalmi ta ci karo da robar.

Ta idar da salla ta juyo tana murmushi. "Ƙawata, ashe kina da hankali? Ni da nake cewa bokon nan ya cinye ki. Kin kawo min ƙasa mai laushi haka, kika ɓoye don kunya? Allah Ya ba ki masu yi miki."

Na ce amin. Me zan ce? Na dai roƙe ta ta riƙa rufewa in ta gama, wai don ƙura. Gaskiyar ita ce ƙwan na son ɗan danshinsa, in lakar ta bushe ƙayau sun mutu. In kuma ruwa ya taɓa su sun farka, ba mai mayar da su barci.

Ta ce, "To, Dakta." Tana ce min Dakta ne in za ta zolaye ni. Ko digirin ban gama ba.

Asabar, da safe

Na ɗebo ƙasa a bakin kogin Shari na tankaɗe, na musanya mata kafin ta farka daga barcin hantsi. Tafi ɗaya ta buga ta ce, "Wa ya zuba min yashi? Dawo min da tawa." Na dawo mata da ita. Dama ba ni da inda zan kai ta.

Litinin, bayan azahar

Farfesa ya tara mu. Masu tallafi sun ce in babu kifin Mandeliya, ba su ga abin da zai sa su sabunta tallafin ba, domin a kansa aka gina rabin aikin. Ba mu kaɗai ba, har su Halliru. Masu gyaran hanya kuma sun riga sun cike rabin kududdufin da jan ƙasa. Saboda haka ya fasa zuwa taron da aka gayyace shi, za a yi hayar mota da kuɗin tafiyar, a je a haƙo abin da ya rage kafin ruwan farko. Asabar ta sama, da asuba. Halliru zai tsallako ya bi mu.

Farfesa ya ce, "Za mu biyo ta ƙofar gidanku mu ɗauke ki, Khairiyya." Mutumin nan yana da ciwon baya, ko kujera ba ya iya daɗewa a kai.

Bakina ya buɗe. Wallahi ya buɗe. Sai na ji na ce, "To, Farfesa."

Laraba, bayan la'asar

Robar ta yi ƙasa. Na duba sau biyu don na zaci idona ne.

Na ce, "Kaka, ina sauran ƙasar?"

Ta ce, "Na ɗibar wa Lauratu. Da matar liman. Da waccan ta bayan masallaci mai ciwon gwiwa, ita ma ruwa na wahalar da ita."

Na ce, "Kaka! Ke na kawo wa!" Ji yadda ƙaryar ta zauna a bakina har ina faɗa da ita.

Ta dube ni sama da ƙasa. "Da shunu? Mene ne haka? Yaushe muka fara haka a gidan nan? Mu jikokin ayari ne, yarinya. Kakanninmu da ƙafa suka taso daga ƙasar Hausa za su Makka. A hanya gishirin da ke jakar mutum ɗaya na tukunyar kowa ne. Ƙasa ce fa. Ƙasa ma sai an yi rowa?"

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Zafin kwano ya fi min sauƙi.

Alhamis, da hantsi

Wai yanzu a unguwa cewa ake yi jikar Hansai tana aikin maganin tsufa, kuma ƙasar daga can ta fito. Tsofaffi biyu sun tare ni a hanya suna sa min albarka. Ɗaya har da riƙe min hannu.

Alhamis, bayan la'asar

Ajiya ce. Na rubuta ajiya ce. Na koma na karanta, ko ni ban yarda ba.

Asabar, bayan azahar

Inna Lauratu, maƙwabciyarmu, ba taimama ta yi da nata kason ba. Ta ce abin da ke maganin tsufa ai ba a tafi kawai za a bar shi ba. Jiya ta jiƙa shi a kwanon sha ta rufe, da niyyar ta tace ta sha da safe.

Salatinta ne ya fitar da ni. Na tarar da mata sun zagaye kwanon. 'Yarta Fadila, mai sayar da gwanjo a kasuwar Dembe, ta kafa waya a kai tana ɗauka. Wata ta ce tsutsar sauro ce. Inna Lauratu ta ce, "Tsutsar sauro da ido? Ajab! Ku duba, kifi ne! Kifi daga busasshiyar ƙasa!"

Na leƙa. Ido biyu da jela, kamar zaren da aka gutsure, suna ta iyo. Kifina. Damina uku ina jiran in ga wannan ranar, sai ga shi na gan ta a kwanon shan Inna Lauratu. Sun yi kyau. Allah Ya sani sai da ƙwalla ta zo min don sun yi kyau.

Fadila ta juyo da wayar kaina tana cewa, "Ga Dakta Khairiyya nan, ita ta kawo ƙasar daga labonsu." Na kare fuska da mayafi. Matan suka ce kunya ce irin ta 'yar gidan mutunci.

Na roƙi Fadila kada ta tura wa kowa. Ta ce, "Kalas, shi ke nan, ai ya tafi."

Lahadi, da safe

Duk wadda aka ɗibar wa ta jiƙa nata.

Lahadi, bayan la'asar

Wayata tana kan katifa a kife. Ban taɓa ta ba, ita ma ba ta yi ƙara ba. Matar Farfesa tana cikin ƙungiyar matan da Fadila ke tura wa hotunan gwanjo. Na san haka tun jiya.

Litinin, bayan azahar

Farfesa ya kira da safe. Bai yi sallama mai tsawo ba, bai tambayi Kaka ba, shi da kullum sai ya tambaya.

"Khairiyya, ki tattaro masu ran. Da abin da ya rage a robar. Ba mu da abincinsu a nan, Halliru ke da shi. Gobe yana Ngeli."

Na ce, "Farfesa, ina so in..."

Ya ce, "Kifin tukuna."

Na ɗauki bokiti da cokali na bi gida gida. Ban san unguwarmu na da tsawo haka ba. A kowane gida sai an shimfiɗa min tabarma, an kawo ruwa, an yi gaisuwa har ta ƙare, sannan in buɗe baki in ce na zo karɓar abin da Kaka ta bayar. Kyauta fa. A Sabangali, ni jikar Hansai, ina bin tsofaffi ina karɓe kyauta.

Matar liman ta riga ta shanye nata, ta ce ta ji jikinta ya saki. Ta bayan masallaci ta zubar wa kaji. Wata da Kaka ta ɗibar wa daga baya ta bar kwanon a rana, na tarar da su sun yi fari a saman ruwa. Inna Lauratu ce ta kula da nata, ta sa su a inuwar randa tana marmasa musu gwaiduwar ƙwai. Da na ce zan tafi da su sai ta riƙe kwanon.

"Na aikinku ne?"

Na ce e.

"To me ya kawo su ƙarƙashin gadon Hansai?"

Ta daɗe tana kallona, sannan ta miƙo min. Ta ce in dawo mata da kwanonta.

Talata, bayan magariba

Ngeli kuma. Na zuba kifin a kula na riƙe ta a cinya, kowane rami mai kalando ya faɗa sai na ƙara rungume ta. Abin da ya rage a robar bai fi cikin tafi biyu ba, shi ma ya sha buɗewa sau biyar a rana.

Halliru bai ɗaga min hannu ba. Ya karɓi kular, ya durƙusa a gefen hanya ya buɗe, ya daɗe yana kallo. Babura na wucewa suna watsa masa ƙura, ya kare bakin kular da jikinsa.

Ya ce, "Yaushe suka ƙyanƙyashe?" Na gaya masa. "Me suka ci?" Na gaya masa. Ya gyaɗa kai. Ya ce waɗannan ba za su isa a yi gwaji ba, sai dai a gwada ko za su rayu su yi ƙwai. In sun rayu.

Na jira ya zage ni. Na so ya zage ni, da na sami abin riƙewa. Na ma tanadi maganar godiya da direba, tana nan a bakina.

Ya rufe kular ya miƙe. "To, Madam. Sai an jima."

Madam.

Laraba, da hantsi

Na je labo. Kowa ya gaishe ni. An sauya kwaɗon ɗakin ajiya, ba wanda ya ce min komai a kai, ni ma ban tambaya ba. Na ga shebur da buhuna an jera a bakin ƙofa saboda tafiyar Asabar. Takalman ruwana suna inda na bar su, na ɗauko na taho da su.

Alhamis, bayan la'asar

Kaka ta koma taimama da bango. Ba ta yi mita ba, abin da ya fi damuna ke nan. Inna Lauratu ta shigo jiya sun daɗe a ɗaki.

Yau ta kira ni in shafa mata magani a tafi. Ina shafawa ta ce, "Me aka gaya miki ya tsayar da kakana Malam Salmanu a garin nan, bai ƙarasa Makka ba?"

Na ce ciwo. Haka muka taso muna ji, zazzaɓi ya kama shi a bakin Shari tun ana ce wa garin Fort Lami, ayari ya wuce, shi ya zauna.

Ta ce, "Haka muke gaya wa yara. Ke kuwa kin girma." Ta miƙo ɗaya hannun. "Salkar ruwa ya ɓoye. A hanya, kafin su iso kogi, ruwa ya ƙare wa ayari, shi yana da guda a ƙarƙashin kayansa. Ba mugu ba ne. Shi ya ɗauko ta a kafaɗarsa tun daga rijiya, yana ganin tasa ce. Aka gani. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ɗaga masa murya. Sun ci abinci tare, sun yi salla tare. Da suka kwana a nan, sai suka tashi da asuba ba su tashe shi ba. Dokar hanya ke nan."

Na ce, "Kaka, ni ba..."

Ta ce, "Shafa nan, tsakanin yatsun."

Na shafa. Hawayena na ɗiga a hannunta, ta ce in kula, likita ya hana ta ruwa.

Juma'a, bayan magariba

Hadari ya haɗu a gabas ya watse. Ba zai sake watsewa sau da yawa ba. Ba wanda ya kira ya ce min mota za ta biyo, ba wanda ya ce ba za ta biyo ba. Na goge takalman na ajiye a bakin ƙofa.

Asabar, da hantsi

Na yi sallar asuba na zauna a zaure. Mota ta farko ta mai burodi ce. Ta biyu ban san ta wa ba ce, ba ta rage gudu ba. Gari ya waye sarai, mata suka fara fita da bokitai, rana ta hau katangar Inna Lauratu. Ina zaune, takalman na gefena.

Na ce a raina shi ke nan. Haƙƙina ne. Har na fara tsara yadda zan nemi koyarwa a wata makarantar unguwa, in bar musu kifinsu da tankunansu. Abin mamaki, sai na ji wani sanyi-sanyi, kamar an sauke min kaya.

Sai na ji sandar Kaka. Ba ta fitowa zaure da safe saboda gwiwa, amma ta fito. Ta tsaya a kaina tana numfashi.

"Sun wuce?"

Na ce, "Sun wuce."

"Kin san hanyar?"

Na ce na sani, amma ba sa buƙatata. Farfesa ya san wurin, Halliru na da ƙarfin haƙa. Ba su kira ni ba, Kaka. Da wane ido zan je?

Ta ce, "Da wanda kika je gidan Lauratu." Ta dafa bango. "Malam da ya farka bai ga ayari ba, sawunsu na nan a ƙasa, ko iska ba ta share ba. Da ya bi su da salkar a kafaɗa, kafin azahar ya cim musu. Kunya ta hana shi. Ya zauna ya gina ɗakin can da kika ɓoye robarki. Shi bai ga Makka ba, ubana bai gani ba, ni ga ni nan ina shafa bango."

Ta tura min takalmin da bakin sandarta.

Zulkiflu mai kalando ya ce zai kai ni har Mandeliya in hadari bai riga mu ba, ya tafi shan mai. Na ari sheburin gidan liman. Ban san ko za su ba ni buhu in riƙe ba. Ban san ko Halliru zai dube ni ba.

Ga ƙarar babur nan a ƙofa. Na sa takalmin.